Idan wayar kuloci ta tsinke kana tsakiyar tafiya

Tambaya: Boxer nake tuƙawa, kuma nakan yi doguwar tafiya tsakanin garuruwa inda babu bakanike a kusa. Idan wayar kuloci ta tsinke mini a hanya, yaya zan yi in tsaya lafiya, kuma akwai dabarar da za ta kai ni gida?

Amsa: Malam, abu na farko da ya kamata ya zauna maka a rai shi ne wayar kuloci ba ita ke haɗa injin da taya ba, raba su take yi. Sifirin ɗin da ke cikin kuloci su ne suke matse faya-fayansa wuri ɗaya koyaushe, kai kuma idan ka matse hannu, wayar ce take ɗaga wannan matsi don injin ya saki taya. Saboda haka idan ta tsinke, kuloci yana nan a kame, babur zai ci gaba da tafiya da ƙarfinsa. Abin da ka rasa shi ne ikon raba injin da taya. Tafiyar ba ta da matsala, canjin giya ma yana yiwuwa. Wahalar tana wuri biyu kawai: tsayawa, da tashi daga tsaye. Wannan bayani ya shafi babura masu hannun kuloci a hagu irin Boxer, TVS, Jincheng, Haojue da dangin CG 125. Mai roba-roba ba ya cikin wannan magana, domin kulocinsa da kansa yake kamawa yake saki, ba shi da wannan waya.

Za ka gane ta tsinke ne idan ka ja hannu ka ji ya tafi fayau har ya taɓa abin riƙo, bai kuma koma ba. A wannan lokaci kada ka danna birki da ƙarfi don firgita, musamman idan akwai mota a bayanka. Rage totur a hankali, kunna sigina, ka duba gabanka ka zaɓi inda za ka sauka daga titi. Wurin da ka zaɓa yana da muhimmanci ƙwarai. Idan da hali, tsaya a kan tudu inda hanya take gangarawa gaba, ko a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri. Kada ka tsaya a gindin hawa ko cikin yashi, domin daga can za ka sake tayar da babur ba tare da kuloci ba, kuma tura babur mai kaya a hawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Canjin giya ba kuloci

Giyar babur ba kamar ta mota ba ce. Haƙoranta koyaushe a haɗe suke, abin da ke motsawa wasu 'yan ƙahonni ne da ke fita daga ramukan wannan giya su faɗa na waccan. Matuƙar injin yana jan taya, ko taya tana jan injin, ƙahonnin suna matse a jikin ramukansu, ba za su zame ba. Amma akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido da babu mai jan wani, kuma a daidai nan giya take shiga salin-alin.

Idan za ka ƙara giya, ɗora ƙafa a kan abin canjin giya ka ɗan matsa shi kaɗan, ba da ƙarfin da zai shiga ba. Sai ka saki totur da sauri kamar za ka rufe shi, nan take za ka ji ta faɗa da kanta, sai ka mayar da totur. Idan za ka rage giya, akasin haka ne: ka rufe totur, babur ya rage gudu sosai, ka matsa abin canjin kaɗan, sannan ka ɗan taɓa totur sau ɗaya, gajere. Wannan taɓawa ce take sassauta ƙahonnin. Rage giya ya fi ƙara ta wuya, kuma a nan mutane suke ɓarna, domin suna rage ta babur yana gudun da ya fi ƙarfinta. Sai injin ya yi kururuwa, tayar baya ta ja ƙasa, idan kuma a kan yashi ne ko titi mai ruwa, ta zame. A ƙaramin babur mai cc 100 zuwa 125, bari gudu ya sauko kusan kilomita 30 a awa kafin ka koma giya ta uku, kusan 20 kafin ta biyu, ta ɗaya kuwa sai ka kusa saurin mai tafiya a ƙasa. Idan ka matsa ta ƙi shiga, kada ka tattaka ta. Saki, ka sake gwadawa da totur. Tattakawa ce take lanƙwasa ƙarfen da ke tura giya a ciki, kuma gyaran wannan sai an tsaga injin.

Tsayawa mafi kyau ita ce ka sauko giya ɗaya bayan ɗaya har ka sami firi, wato inda babu giyar da ke ciki, tun babur yana gangarawa, sannan ka tsaya da birki kamar yadda ka saba. Firi yana samuwa da sauƙi idan taya tana juyawa, idan ka bari sai da ka tsaya cak, ka makara. Ya kamata ka san jerin giyar babur ɗinka. A wasu, firi yana ƙarshen jeri kusa da giya ta ɗaya, ka ci gaba da ragewa har ka isa gare shi. A wasu yana tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sai an yi rabin taki daga ta biyu. Akwai kuma masu jerin zagaye, waɗanda idan ka ƙara taki ɗaya bayan giyar ƙarshe sai ka faɗa firi. Wannan yana da daɗi a irin wannan rana, amma ka kiyaye: taki na gaba giya ta ɗaya ce, kuma shigar ta ana gudu yana kulle tayar baya.

Idan abu ya taso ba shiri, mota ta tsaya a gabanka ko dabba ta ratso, manta da giya. Rufe totur, kama birkin gaba da na baya tare, babur zai yi tsalle-tsalle kaɗan sannan injin ya mutu. Mutuwar injin ba ta lalata komai. Sai dai ka shirya ƙafafunka, domin a ƙarshen tsayawar yakan yi fizga ɗaya da ke iya kayar da wanda bai shirya ba.

Kafin ka ce ta tsinke, duba

Ba kowane sakin hannu ne tsinkewa ba. Kashe injin, ka kama wayar ta wajen hannu ka ja. Wani lokaci dunƙulen kanta ne kawai ya fice daga raminsa, ko notin saiti ya kwance da girgizar hanya, ko ƙarfen da ke riƙe rigar waya (bututun da wayar take ratsawa ta cikinsa) a jikin injin ya saki. Duk waɗannan gyaran minti biyar ne. Duba kuma ɗan hannun ƙarfen da ke jikin injin wanda wayar take ja. Idan waya lafiya take, tana jan sa, amma yana juyawa a banza, to matsalar tana jikinsa ko cikin kuloci, sabuwar waya ba za ta yi magani ba.

Idan kuwa ta tsinke ɗin, yawanci a wuyan dunƙulen sama ne, dab da hannu. Dalili kuwa, dunƙulen nan an yi shi ne ya riƙa juyawa a cikin ramin hannu duk lokacin da aka matse. Idan ya bushe, ƙura ta cika ramin, sai ya ƙi juyawa, wayar ce take lanƙwasa a madadinsa. Kamar ƙarfen da ake tanƙwarawa gaba da baya ne har ya karye, silin wayar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ranar da na ƙarshe suka gaji sai ta rabu. Wannan tsinkewa ita ce mai sauƙi, domin kusan duk tsawon wayar yana hannunka, dunƙule kawai ka rasa.

Gyaran bakin hanya

Aikin shi ne ka samo tsawon waya, sannan ka yi mata sabon kai. Fara da murɗa notin saiti na wajen hannu ya shige ciki gaba ɗaya. Ka sauka wajen injin, akwai noti biyu da ke riƙe rigar waya, yawanci sufana mai lamba 12 ko 14 ke kama su. Kwance su ka sassauta yadda wayar ciki za ta ƙara fitowa. Sau da yawa wannan yana ba ka santimita ɗaya zuwa biyu. Idan bai isa ba, zare wayar ciki baya, ka yanke santimita biyu ko uku daga rigar. Rigar ƙarfe ce a naɗe a ƙarƙashin roba, ka yanke robar da wuƙa, ka lanƙwasa ta don naɗin ya buɗe, ka datse da filaya, ka gyara bakin kada ya danne waya, ka mayar da hular ƙarfen da ke bakinta. Kada ka yanke rigar wayar tana ciki. Gajarta riga ita ce ƙara tsawon waya, amma idan ka wuce gona da iri rigar ba za ta kai ba idan ka juya kan babur.

Sabon kai mafi inganci shi ne ɗan dunƙulen ƙarfe mai rami da sukuru, wanda ake zura waya a ɗaure. Masu kayan babur da na keke suna sayar da irinsa, bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma ya cancanci zama cikin akwatin kayan aikinka. Idan babu shi, ƙusar da ke matse wayar birkin keke tana yin aikin, kowane mai gyaran keke a ƙauye yana da ita. Haka kuma tagullar da ke cikin mahaɗin wayar lantarki, mai sukuru biyu: fasa robar ka ciro ta, zura waya, ɗaure sukurun biyu tamau. Idan duk babu, nemi ƙaramar ƙusa da noti da washa biyu (faifan ƙarfe mai rami a tsakiya), ka naɗe waya sau ɗaya a jikin ƙusar tsakaninsu, ka ɗaure. Irin waɗannan ba koyaushe suke zama cikin ramin hannu ba, sai ka zura wayar ta ramin ta fito ta ɗaya gefen, ka ɗaure a waje. Ko wanne ka yi, bar wutsiyar waya kamar rabin santimita a bayan ɗaurin, ka tanƙwara ta, domin ita ke hana zamewa. Gwada shi a tsaye sau goma kafin ka hau. Da ka hau kuma, yi amfani da shi wajen tashi da tsayawa kawai, sauran canjin giya ka yi da totur kamar yadda aka bayyana, domin kowane matsi yana rage kwanan wannan ɗauri.

Idan a tsakiya ta tsinke ko a ƙasa, tsohuwar waya ta gama aiki, amma rigarta tana da amfani. Wayar birkin baya ta keke tana da tsawon da ya isa. Zare tsohuwar, ɗiga baƙin mai a rigar, zura ta keken ta sama yadda dunƙulenta zai zauna a hannu, ka ɗaure ƙasan a jikin hannun injin da ƙusar matsewa. Ka sani ta keke siririya ce, kaurinta kusan milimita 1.5, ta kuloci kuwa kusan milimita 2 ko fiye. Za ta kai ka gari, ba ta zama ba ce. Wayar totur ko ta cok ita ma siririya ce, kada ka ɓata lokaci a kanta.

Akwai shawarar da za ka ji a bakin wasu, wai tunda birkin gaba na Boxer da ire-irensa da waya yake aiki, a ciro ta a mayar kuloci. Kada ka yi. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa, kuma a ranar da kulocinka ba shi da tabbas ne ka fi bukatarsa. Babur marar kuloci ana iya kai shi gida a hankali. Babur mai birkin baya kaɗai, da kaya ko da fasinja, ba ya tsayawa inda kake so.

Idan ka isa wurin mai walda ya ce zai yi maka sabon dunƙule, kula da wutar. Wayar da aka gasa har ta yi ja ta mutu, za ta sake tsinkewa a daidai wurin ba da jimawa ba. Mai gyaran lagireto, wanda yake aiki da dalma, ya fi dacewa. A wanke wayar da fetur ta bushe, a zura ta a dunƙulen, a baza silin bakinta, sannan a cika da dalma. Bazawar ce take riƙewa, dalma ita kaɗai zamewa take yi.

Tashi daga tsaye idan babu gyara

Idan babu abin gyara ko kaɗan, sai tafiya haka. Sa firi, tayar da injin da kik ko sitata, ka bar shi ya yi zafi, domin injin mai sanyi mutuwa zai yi da zarar giya ta shiga. Idan akwai fasinja ya sauka tukuna, ya ma taimaka da turi. Zauna a kan babur, tura da ƙafafu ko a tura ka har ka kai saurin mai sassarfa, kamar kilomita 5 zuwa 8 a awa. Ɗaga totur kaɗan sama da silo, wato yadda injin yake juyawa idan ba a taɓa totur ba, sannan ka sa giya ta ɗaya da taki guda mai tabbas. Zai ɗan fizga, riƙe kan babur da kyau, ka ƙara wuta a hankali. A gangare ba ka bukatar kowa, sake birki kawai ya gangara. Idan gangaren ya ba ka gudu sosai, ta biyu ta fi laushin shiga. Shi fasinja, ya fi aminci ya nemi wani abin hawa ya same ka a gaba, hawa babur yana tafiya ba abin da zan ba da shawara ba ne.

Mai sitata da batir mai ƙarfi yana da wata hanya: kashe injin, sa giya ta ɗaya, tura da ƙafa kana danna sitata, babur zai yi gaba har injin ya kama. Wasu babura ba sa yarda sitata ta juya a cikin giya sai an matse hannun kuloci, to ka matse shi ko da babu waya, domin makunnin yana jikin hannun ne. Wannan hanya tana wahalar da sitata da batir, kada ka danna fiye da daƙiƙa biyar a jere, kuma kada ka mayar da ita abin yi a kowace mahaɗa.

Abin da ba a yi shi ne a tsaya cak, a ɗaga totur sama, a buga giya. Ko injin ya mutu nan take, ko babur ya yi tsalle ya kufce maka. Ƙarfin bugun kuma yana sauka a kan ƙahonnin giya, da sarƙa, da robobin da ke cikin tayar baya.

Da ka tashi, tuƙa da lissafin kada ka tsaya. Zauna a giya ta biyu ko ta uku, bar tazara mai yawa, ka hango danja da shataletale da shingen jami'an tsaro tun daga nesa, ka rage gudu da wuri ka nemi firi. A hanyar daji ko tsakanin garuruwa wannan mai yiwuwa ne na kilomitoci masu yawa. A cikin cunkoson gari kuwa, kamar bakin kasuwa ko tasha, ban ga hikimar sa ba. Sauka ka tura zuwa bakanike mafi kusa, ko ka ɗora shi a a-kori-kura. Idan wani mai babur zai ja ka da igiya, sa firi, kada a ƙulle igiyar a jikin babur ɗinka, a naɗa ta sau ɗaya a tsakiyar kai ka danne bakinta da hannu, yadda da ka saki za ta zame.

Sa sabuwa da saita ta

Tafi da tsohuwar wurin saye, ka jera su. Tsawon riga da tsawon wayar da ta fito daga riga duka su zo daidai, domin wayar wani samfurin tana iya kama da taka a ido amma saiti ya ƙi zuwa. Kafin ka zare tsohuwar daga babur, ɗaure bakin sabuwar a jikinta da salatif ka ja, sai ta bi hanyar da kamfani ya tsara. Kada ta taɓa kan injin ko salansa, kada ta yi lanƙwasa mai kaifi, kada tanki ya danne ta. Maƙala ƙasa tukuna, sannan ka shafa giris a dunƙulen sama, ka daidaita tsagar notin saiti da tsagar hannu, ka zura.

Babban saiti a ƙasa ake yin sa, na sama na ƙarasawa ne, don haka bar notin sama a kusan tsakiyarsa. Abin da ake nema shi ne ɗan sakin da hannu yake yi kafin ya fara jan waya: milimita 10 zuwa 20 idan an auna a ƙarshen hannu, wato kusan milimita 2 zuwa 3 a tsagar gindinsa. Idan babu wannan saki, waya tana ɗaga kuloci koyaushe, zai riƙa zamewa, injin yana ihu babur ba ya ja, faya-fayai su ƙone. Idan sakin ya yi yawa, kuloci ba ya rabuwa sosai, babur yana rarrafe a cikin giya, firi yana wuyar samu. Bayan saiti juya kai ƙarshen dama da ƙarshen hagu. Idan sakin ya canza, hanyar da wayar ta bi ba daidai ba ce. Sake dubawa bayan 'yan kwanaki, domin sabuwar waya tana zama, sakin yana ƙaruwa.

Waya ba ta cika tsinkewa ba gargaɗi ba. Hannu yakan yi nauyi, ko ya riƙa ƙara idan an matse, ko ka ga kana ƙara saiti kowane mako. Wannan na ƙarshe mutane suna cewa waya ce take miƙewa, alhali sau da yawa silinta ne suke tsinkewa. Ja hannu, ɗaga robar da ke rufe gindinsa, ka leƙa wuyan dunƙulen. Sili ɗaya ka gani a tsaye, canza ta a ranar. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da tsohon mai ta zama abin gurza, ruwan damina da na wankin babur kuma yana kwanciya a lanƙwasar ƙasa ya kawo tsatsa, don haka robar nan idan ta yage a sauya ta. Giris a dunƙule da ƙusar hannu duk lokacin juyen baƙin mai ya wadatar. Don mai ya ratsa cikin riga, cire saman wayar, huda kusurwar leda ka zura ta, ɗaure da roba, zuba baƙin mai cokali ɗaya, ka rataye ta a tsaye ta kwana har ya fito ta ƙasa. Waya mai shimfiɗar roba a cikin rigarta ba ta bukatar wannan. Duba ramin hannun ma, idan ya cinye ya yi kaifi, zai yanke sabuwar waya kamar yadda ya yanke tsohuwa, sai a canza hannun tare.

Tunda doguwar tafiya kake yi, sayi waya ta biyu tun yanzu, ka bi da ita gefen wadda ke aiki, ka ɗaure su tare sako-sako a wuri biyu ko uku, ka rufe bakunanta biyu da leda da salatif saboda ƙura da ruwa. Ranar da ta farko ta tsinke, bakuna kawai za ka sauya ka yi saiti, ba sai ka ɗaga tanki a bakin hanya ba. Kayan da aikin yake bukata su ne sufana mai lamba 10, 12 da 14, filaya, da sukudireba.